Bayan An Ce "Da Sauƙi"

Cikin abubuwan farko da ake koya wa mai koyon Hausa akwai gaisuwar maras lafiya. An koya maka cewa idan ka shiga wurin wanda yake kwance sai ka ce, "Sannu, yaya jiki?" Shi kuma ya amsa, "Da sauƙi." Idan ba ya iya magana, sai ka juya ga mai kula da shi ka ce, "Yaya mai jiki?" Amsar dai ita ce, "Da sauƙi." Daga nan sai addu'a: "Allah ya ƙara sauƙi," a amsa da "Amin." Wannan darasi daidai ne, ka riƙe shi da kyau. Amma akwai abin da ba a cika faɗa maka a aji ba. Bahaushe yana cewa "da sauƙi" ko da jiki ya yi tsanani matuƙa. Wanda ya kwana da ciwon kai zai ce da sauƙi. Wanda aka sa wa na'urar taimakon numfashi, shi ma danginsa za su ce da sauƙi. Da wannan kalma ake nuna haƙuri da kyakkyawan fata da godiya ga Allah. Ba a auna ciwo da ita.

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan hali ba. Idan Bayarabe ya ce maka "pẹlẹ" ka amsa, ba lallai ne a shiga zancen ciwon ba. A Turancinmu na Nijeriya kuwa, sau nawa ka ji wanda zazzaɓi ya kayar yana cewa shi yana da ƙarfi? Mutane ba sa son ambaton mugun abu da bakinsu. Ni ban ga laifin wannan ba, kuma ba na kira da a canza gaisuwar da muka gada. Inda nake da ja shi ne a tsaya a kan "da sauƙi" alhali mai tambayar ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Akwai mutumin da ya kira waya daga nesa, hankalinsa a tashe, domin wanda yake kwance amininsa ne, ko mahaifinsa, ko ɗan'uwansa. Ra'ayina shi ne irin wannan mutum yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, a kai a kai, gwargwadon abin da maras lafiyar ya yarda a faɗa. Hana shi labari da sunan tausayi sau da yawa cutarwa ce.

Kafin mu yi nisa, ka lura da kalmar "jinya". Hausawa sukan ce "yana jinya" ga wanda yake kwance, kuma sukan ce "tana jinyar mijinta" ga mai kula da shi. Don kada ka rikice, a wannan rubutu zan kira wanda yake kwance "maras lafiya", wanda yake ɗawainiya da shi kuma "mai jinya".

Wannan magana ta fi nauyi a wuri irin namu. Unguwar Sabo da ke kusa da Mokola a Ibadan an kafa ta ne a shekarar 1916, lokacin da aka keɓe wa Hausawa baƙi wurin zama. Cinikin goro da na shanu ne suka raya ta. Yau harkar dabbobi da ta kayan gwari ta fi ƙarfi a ƙaramar hukumar Akinyele, wajen Sasa da Moniya da Karar Akinyele, inda manyan motoci ke sauke shanu da tumatir da albasa da tattasai daga Arewa. Kusan duk wanda yake cikin wannan harka ƙafarsa ɗaya tana nan, ɗaya tana Kano ko Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi. Wani iyayensa suna can. Wani amininsa na ƙuruciya yana can. Wani kuma shi ne ya koma can, ya bar tsohonsa a nan. Daga Ibadan zuwa Kano tafiyar ta haura kilomita 800, ta Ilori da Jebba da Mokwa, kuma mota takan cinye yini guda cur, wani lokaci har da dare. Wanda yake can ba zai iya leƙowa asibiti da yamma ya gane wa idonsa ba. An ce gani ya kori ji, to shi ba shi da gani, sai ji. Abin da ka faɗa masa a waya shi ne duk abin da ya mallaka, kuma a kansa zai yanke shawarar ko ya taso ko ya zauna.

Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazarin Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Cikin abin da ya lura da shi akwai cewa wannan fatauci mai nisan zango ba ya tafiya sai da amana da saurin isar da labari tsakanin Kudu da Arewa. Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe haka abin yake. Maigida a Ibadan ba zai gaya wa falkensa na Arewa cewa kasuwa "da sauƙi" ba. Zai gaya masa shanu nawa suka shigo, nawa aka sayar, nawa suka kwana, da farashin da aka tashi a kansa. Idan ya ɓoye masa faɗuwar kasuwa don kada ransa ya ɓaci, falken ya loda mota ya zo ya yi asara, ba wanda zai kira wannan tausayi. Za a ce ya ci amana. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mutanen da suka ƙware haka wajen ba da labarin huhun goro da garken shanu, su ne kuma idan zance ya zo kan lafiyar ɗan Adam sai su lulluɓe shi.

Na san wasu dattawa biyu da suka yi kusan shekara talatin suna hulɗa. Ɗaya dillali ne a nan Kara, ɗayan kuma yana aiko masa da shanu daga ƙasar Sakkwato. Ciwon ƙoda ya kama dillalin, aka kwantar da shi. Kullum amininsa sai ya kira, kullum 'ya'yan sai su ce da sauƙi. Ba mugunta suka yi ba. Sun san dattijon yana fama da hawan jini, sun ji tsoron kada labarin ya kayar da shi. Shi kuwa da ya ji sauƙi ake ta samu, sai ya ƙudura cewa zai zo dubiya bayan kaka, idan ya gama tattara amfanin gona. Mako shida ana cikin wannan hali. Ranar sadakar uku ya iso Ibadan. Akwai lissafin kuɗi tsakaninsu wanda ba a rubuce yake ba, sai da aka sha wahala kafin a warware shi. Amma ba lissafin ne ya fi yi masa ciwo ba. Abin da ya riƙa maimaita wa yaran shi ne, "Da kun gaya mini, ai da ko a bayan tirela na zo mun yafi juna."

To, bari mu saurari masu ɓoyewa, domin suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa, mene ne amfanin tayar wa mutum hankali a kan abin da ba zai iya gyarawa ba? Ba likita ba ne, ba ya kusa, ga shi da tsufa ko nasa ciwon. A bar shi ya yi barcinsa.

Amsata ita ce ba ya yin barcin. Wanda yake ƙaunar mutum ba a ruɗinsa da kalma biyu. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A waya babu fuska, don haka sai ya koma sauraron murya. Yana jin yadda ka yi jinkiri kafin ka amsa. Yana jin hayaniyar asibiti a bayanka. Yana lura cewa mako uku ke nan ba a ba maras lafiyar waya sun gaisa ba, kullum "yana barci" ko "ya shiga wanka". Daga nan sai zullumi ya shige shi, wato fargabar abin da ba a san iyakarsa ba. Zullumi ya fi mugun labari cin rai, domin mugun labari yana da iyaka, mutum ya ji, ya yi kuka, ya yi addu'a, ya san abin yi. Mai zullumi kuwa kowane dare sai ya binne amininsa a zuci, da safe ya tono shi. Idan hawan jininsa ake tsoro, ban ga yadda mako shida na irin wannan zama zai fi masa sauƙi ba.

Akwai kuma wata al'ada da ta ƙara dagula lamarin. Idan an yi rasuwa, kuma wanda za a sanar yana nesa, akan kira shi a ce, "Jikin ya yi tsanani, ka taho," alhali an riga an rasu. Manufar ita ce ya iso gida lafiya, a gaya masa yana cikin 'yan'uwa. Akwai jinƙai a cikin wannan, ban musa ba. Amma dubi abin da ta haifar. Tunda "da sauƙi" tana iya nufin tsanani, "tsanani" kuma tana iya nufin mutuwa, sai ya zama babu sauran kalmar da za a faɗa wa mutum ya ɗauke ta yadda take. Ka gaya masa gaskiya cewa jiki ya yi tsanani, sai ya fara salati yana tambayar ƙarfe nawa za a yi jana'iza. Abin da yake gyara wannan shi ne ka saba wa mutum da gaskiya tun ranar farko. Idan ya san ba ka taɓa ƙara masa ko rage masa ba, ranar da ka ce da sauƙi zai yi barci, ranar da ka ce ya taso zai taso.

Nijeriya gaba ɗaya ta taɓa ɗanɗana irin wannan zullumi. A ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa asibiti a Jidda ta ƙasar Saudiyya. An sanar cewa yana fama da kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya. Daga nan sai labari ya yi ƙaranci. Kimanin mako bakwai jama'a ba su ji muryarsa ba, sai a watan Janairu na 2010 da ya yi wata gajeriyar hira da BBC ta waya. A tsakanin nan babu irin jita-jitar da ba a yi ba, har da cewa ya rasu. A ranar 9 ga Fabrairu Majalisar Tarayya ta ɗora Mataimakinsa Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. An dawo da shi Abuja cikin dare a ranar 24 ga wannan wata, Allah ya yi masa rasuwa a ranar 5 ga Mayu, 2010, aka kai shi Katsina. Shugaban ƙasa daban yake da dillalin shanu, kuma abin da jama'a ke bin shugaba ba shi ne abin da aboki ke bin aboki ba. Na kawo misalin ne don abu ɗaya. Duk inda aka rufe ƙofar labari, jita-jita ce take shigowa ta taga. A Sabo ma haka ne. Idan ba ka gaya wa aminin ba, direban da ya sauke albasa a Sasa zai gaya masa, kuma zai ƙara gishiri.

Hujja ta biyu ta masu ɓoyewa ta fi ta farko ƙarfi, ita ce sirri. Ciwo na mai shi ne. Wani ba ya son a san yana da ciwon daji. Wani yana tsoron idan labari ya bazu a kasuwa masu ba shi bashi za su janye, masu binsa kuma su taso masa. Wata ba ta son dangin miji su ji. Wani kuma baki yake tsoro. Ko ka yarda da dalilinsa ko ba ka yarda ba, jikinsa ne. Doka ma tana tare da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum da na jinyarsa sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa, ko bisa wasu dalilai da dokar ta ambata kamar umarnin kotu. Saboda haka ba na cewa ka kwashe duk abin da ka gani a asibiti ka zazzage wa duk wanda ya kira.

Amma tsakanin faɗin komai da ɓoye komai akwai fili mai faɗi. A watan Fabrairu na 2024 fadar Sarkin Ingila, Charles na Uku, ta sanar cewa an gano yana da ciwon daji kuma ya fara karɓar magani, ba tare da ta faɗi wane iri ba ne. An riƙe abin da aka ga dama, amma ba a ce lafiyarsa ƙalau ba. Kai ma kana iya cewa, "Ciwon babba ne, likitoci suna kansa, amma bai so a ambaci sunansa ba tukuna." Ka kiyaye sirri, ba ka kuma yi ƙarya ba. Abin da ya fi sauƙi ma, wanda mutane ke mantawa, shi ne a tambayi maras lafiyar tun yana iya magana: "Baba, wa da wa kake so a sanar? Me za a gaya musu?" Sau da yawa za ka tarar shi ba ya ɓoye wa amininsa komai, masu jinya ne suka yanke hukunci a madadinsa. Idan kuwa ba ya cikin hayyacinsa, shawara tana hannun mafi kusa da shi, matarsa ko babban ɗansa ko wansa. Hoto kuwa, ina roƙonka, kada ka ɗauki mutum yana kwance da robobi a hanci ka tura a WhatsApp. Wanda ya yi shekara sittin ba a ga kansa babu hula ba, bai kamata a riƙa yawo da shi a wayoyin mutane a wannan hali ba.

Yanzu ga yadda nake ganin ya kamata a yi. A ce kai ne aka ɗora wa sanar da aminin mahaifinka. Ka fara da sallama da gaisuwa kamar kullum, ka tambaye shi ko yana gida ne ko yana kan hanya, domin ba a gaya wa mai tuƙi ko wanda yake tsakiyar kasuwa labari mai nauyi. Sannan ka ce:

"Baba, game da jikin Alhaji ne. Jiya da dare an mayar da shi asibiti, an ba shi gado. Likita ya ce ƙodarsa ba ta aiki yadda ya kamata, gobe za a fara yi masa wankin ƙoda. Yana gane mutane, yana magana kaɗan kaɗan, amma ba ya cin abinci sosai. Sun ce sai bayan wanki biyu ko uku za su ga inda aka dosa. Shi ne ya ce in sanar da kai. Zan sake kiranka jibi bayan sallar isha'i, ko da babu sabon abu."

Dubi abin da ke cikin wannan 'yar magana. An faɗi abin da ya faru, an faɗi abin da likita ya ce, an faɗi abin da ido ya gani, an kuma faɗi abin da ake jira. Ba a ce zai warke ba, ba a ce babu fata ba, domin mai maganar ba shi da ikon faɗin ko ɗaya. An raba maganar likita da ta mai jinya, yadda dattijon zai san wadda zai jingina da ita. Ka kuma lura, kai da harshenka na farko Yarabanci ne, cewa yaron ya ce wa dattijo "kai". Bahaushe ba lallai ne ya yi wa babba jam'i ba kamar yadda Bayarabe yake yi. Girmamawar tana cikin "Baba", da sassauta murya, da jiran babba ya gama magana.

Jimla ta ƙarshe ita ce ta fi kowacce amfani, wato alƙawarin lokaci. Wanda ya san za a kira shi jibi bayan isha'i zai iya zuwa gonarsa yau da gobe. Wanda bai san ranar da zai sake jin labari ba, kowace ƙarar waya sai gabansa ya faɗi, kowane shiru kuma sai ya fassara shi da mugun abu. Idan ka yi alƙawarin, ka cika shi ko da abin da za ka faɗa bai wuce "yana nan yadda yake" ba. Wannan ma labari ne. Idan ba ka samu sararin kira ba, saƙon murya na minti ɗaya ya wadatar, musamman ga dattijon da karatun boko bai dame shi ba.

Wannan tsari yana taimakon masu jinya su ma. Duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti ya san yadda waya take zama azaba. Kana layin sayen magani tana ƙara, kana neman jini tana ƙara, ka samu ka runtsa ido tana ƙara, kuma kowa tambaya ɗaya yake yi. Da yawa daga "da sauƙi" da ake faɗa ba ɓoyewa ce ta kawo ta ba, gajiya ce. Maganin wannan shi ne a fitar da mutum ɗaya a cikin iyali ko maƙwabta, mai natsuwa, wanda bakinsa ba ya yoyo, a ce shi ne mai ba da labari. Shi zai ji daga mai jinya sau ɗaya a yini, shi zai isar. Idan bakuna suka yi yawa, labari yakan rabu biyu, wannan ya ce an yi tiyata, wancan ya ce ba a yi ba, na nesa ya rasa wanda zai gaskata.

Sai dai mai ba da labari ya san halin babban ciwo: hawa da sauka yake yi. Wankin ƙoda, alal misali, na'ura ce take tace jinin mutum na kimanin awa huɗu, sau biyu ko uku a mako, tana yin aikin da ƙodar ta kasa. Bayan wanki maras lafiya yakan ji dama, ya nemi abinci, ya yi hira. Wannan abin farin ciki ne, amma ba ya nufin ƙodar ta warke. Idan ka yi gaggawar kira ka ce, "Albishirinka, ya warware," jibi kuma ka ce jiki ya rikice, ka ɗaga mutum sama ka sake shi. Gara ka ce, "Yau ya ci abinci, mun ji daɗi, amma likita bai canza maganarsa ba."

Kai mai koyon Hausa, kada ka ɗauka wannan zance na Hausawa ne su kaɗai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka fi sani da UCH, an buɗe shi a 1957, kuma har yau nan ne ake tura manyan cututtuka daga Ibadan da kewayenta. A can da sauran asibitocin garin, likita da Turanci ko Yarabanci yake bayani. Dattijon da ya zo daga Arewa da shanu, ko matar da ba ta cika fita unguwa ba, ba lallai ne su fahimce shi ba. Wata rana kai ne maƙwabcin da za a ce ya raka su. Wata rana ke ce ma'aikaciyar jinyar da za a miƙa wa waya a ce, "Ga ɗansa daga Kano, yi masa bayani." A ranar, Hausar da kake koya yanzu don cin jarrabawa ita ce za ta tsaya tsakanin mutum da mahaifinsa.

Tafinta yana da jarrabawa tasa. Zuciya takan so ta sassauta abin da likita ya faɗa. Akwai wata kalma da likitoci ke yawan amfani da ita a Turance, wadda ma'anarta ita ce jiki ya tsaya a inda yake, bai ci gaba ba, bai koma baya ba. Masu fassara da yawa sai su ce "ya samu sauƙi". Ba haka likita ya ce ba. Mutum yana iya tsayawa a inda yake alhali inda yake ɗin bakin rami ne. Ka ce, "Jikin bai ƙaru ba, bai ragu ba." Haka kuma ka bambance waɗannan: "an ba shi gado" yana nufin an kwantar da shi a asibiti, "an sallame shi" yana nufin an bar shi ya koma gida, "ya farfaɗo" yana nufin ya dawo hayyacinsa, "jiki ya rikice" yana nufin ciwo ya tashi ba zato. "Sai addu'a" kuwa kalma ce mai nauyi ƙwarai. Bahaushe yana jin ta a matsayin an fid da rai, don haka kada ka furta ta don kawai ka rasa abin faɗa. Idan ba ka gane bayanin likita ba, ka sake tambayarsa kafin ka ɗaga waya.

Wani abin da yake rage wa na nesa raɗaɗi shi ne a ba shi abin yi. Mutane suna jin nauyin wannan, suna ganin kamar roƙo ne. Ba roƙo ba ne idan shi da kansa yana tambaya, "Me zan yi?" A asibitocinmu akan nemi dangi su kawo masu ba da jini. Dattijon da ke Sakkwato ba zai ba da jini ba, amma yana da yara a Sasa da Kara waɗanda kira ɗaya zai yi musu su hallara. Wankin ƙoda yana cin kuɗi, kuma wanda aka yi shekara talatin ana cin arziki tare zai ji ciwo idan ya gano an sayar da fili ba a gaya masa ba. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan yana da addu'a, kuma ko ita ya fi son ya san abin da yake roƙo a kai.

Shi ma aminin akwai abin da ake binsa. Abin da aka gaya masa amana ce, ba na zaure ko majalisa ba ne. Kada ya mayar da kowane kira wurin ba da magani, yau saiwa, gobe wani mai magani da ya ji labarinsa, har ya sa masu jinya su fara shakkar likitansu. Ya jira lokacin da aka yi masa alƙawari. Ya kuma tuna ya ce wa yaron da ke ba shi labari, "Sannunku da ɗawainiya, Allah ya ba da lada," domin shi ma mahaifinsa ne a kwance.

Akwai ranar da ta fi kowace wuya, ranar da likitoci suka ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan akwai wani babba kusa da dattijon, ɗansa ko limamin unguwarsu, ka fara kiransa ya je ya zauna da shi. Sannan ka faɗa a fili, da taushin murya: "Baba, likitoci sun ce sun yi abin da za su iya. Rai a hannun Allah yake, amma idan kana son ka same shi, ka taso yau." Ka kuma ƙara da cewa, "Yana da rai yanzu da nake maganar nan," saboda al'adar da na ambata a baya. Idan tafiyar ba za ta yiwu ba, a kara wa maras lafiyar wayar a kunne, a bar su su biyu, ko da ɗaya ne kawai yake iya magana.

Ba kowace jinya ce take ƙarewa haka ba, alhamdu lillahi. Da yawa ana sallamarsu su koma gida. Abin dariya, a nan ne aka fi mantawa da na nesa. Gida ya cika da 'yan barka, ana ta dafa abinci, masu jinya sun samu sun yi barcin da suka yi wata guda ba su yi ba, shi kuwa dattijo yana can yana jiran kiran bayan isha'i. Ranar da aka sallami maras lafiya, tun kafin a bar harabar asibiti, ka kira shi. Ka ce, "Baba, barka da arziki, an sallame mu. Ga Alhaji." Sai ka miƙa wayar.